Alhaji, Lafiya Kake Tafiya a Ƙasa?

A Garwa ta arewacin Kamaru, magidanci mai tumbi ba ya tafiya a ƙasa sai da dalili, kuma da wuya dalilin ya zama na alheri. Ko mashin ɗinsa ya lalace, ko ya sayar da shi, ko kuwa duniya ta juya masa baya har sefa 200 na ɗan moto ya gagare shi. Haka mutanen gari suke fassarawa. Ka fito daga gida da niyyar taka ƙasa, kafin ka sha kwana 'yan moto sun fara rage gudu suna danna maka hon. Wani ma yaron unguwarku ne, ya sha gabanka ya ce, "Baba, hau mana in kai ka, ba sai ka biya ba." Wannan tausayi ya fi zagi zafi. Ka ce masa motsa jiki kake yi, ya dubi rigarka, ya dubi cikinka, ya ce "Allah ya ba da lafiya" da muryar da ake yi wa wanda ake zaton ya fara taɓuwa. Duk wanda zai yi wa irinmu maganar motsa jiki bai sa wannan a lissafi ba, maganarsa a takarda za ta tsaya.

Ni akawu ne a wani kamfanin sufuri, cikin masu kwaso kaya daga tashar jirgin ƙasa ta Gaundare su haura da su Garwa, Marwa, Kusiri, har Injamena. Direbobi su ke kan hanya, ni nawa kujera ce da kwamfuta da takardun mai. Daga safe har la'asar ba abin da ke tayar da ni sai salla, sai kuma mai shayi in ya makara. Na haura hamsin. Da ciwon ƙeya ya ƙi barina, uwargida ta matsa mini na je asibiti, aka ɗebi jini ban karya ba. Takardar tana nan a jakata har ta fara yagewa ta wajen ninki. Tansiyon, awon hawan jini ke nan, 14/9, wato 140 bisa 90 a lissafin 'yan'uwanmu na Najeriya. Sugan jini giram 1.12 a lita. Kitsen jini da ake kira tirigiliserid 1.9. Kolestarol mai amfani, HDL, 0.36. Daga nan nas ta ɗauko tef irin na tela ta zagaya da shi cikina, ta ce, "Baba, saki cikin, kada ka haɗiye shi," ta rubuta santimita 108.

Babu ɗaya cikin waɗannan da zai sa a ba mutum gado. Sugan bai kai 1.26 ba, inda ake fara kiransa ciwon suga, shi ya sa da yawa ke ninke irin wannan takarda su ce alhamdu lillahi ba a sami komai ba. Amma likitoci ba ɗai-ɗai suke dubawa ba. Abu biyar suke haɗawa: faɗin ƙugu, hawan jini daga 130 bisa 85, suga daga giram 1 a lita kafin a karya, tirigiliserid daga 1.5, sai HDL ƙasa da 0.40 ga namiji ko 0.50 ga mace. Wanda ya haɗa uku ya shiga abin da suke kira sindirom metabolik. Ni biyar ɗin na haɗa cif. A ƙugu, ƙungiyar yaƙi da ciwon suga ta duniya ta sa mana 94 ga maza da 80 ga mata, ma'aunin da aka aro daga Turawa, su kuma Amurkawa nasu 102 da 88. Ko da wanne aka auna ni na faɗa ciki. Tun 1988 wani likitan Amurka, Gerald Reaven, ya nuna cewa waɗannan larurori ba haɗuwar tsautsayi suke yi ba, saiwarsu ɗaya ce: jiki ya daina amsa wa insulin, sinadarin da ke shigar da sugan jini cikin tsoka, yadda ya kamata. Inda hanyar ta nufa kuwa sananne ne, ciwon suga, ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki.

Likita ya rubuta mini ƙwayar hawan jini, ya ce, "Alhaji, a rage gishiri da suga, a riƙa motsa jiki." Ban ga laifinsa ba, layi ne a waje har bakin baranda. Kuma ai ba sabon labari ya ba ni ba. A majalisarmu ta bayan isha'i babu wanda bai san motsa jiki na da amfani ba. Kowa na da wayar da ake turo masa bidiyon likitoci, wani ma ya fi likitan iya bayani. Sani ba shi ne ya yi mana ƙaranci ba. Abin da babu shi ne mutum ya yarda a ransa cewa shi ɗin nan, da wannan ciki da wannan haki, zai iya, kuma ba zai faɗi a hanya a kwaso shi ba. Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya na gida. Mu duka biyun suka taru a kanmu.

Tsoron ma yana da suna a ƙasar nan. Duk ɗan Kamaru da ya mallaki hankalinsa a 2003 ya san inda yake ranar 26 ga Yuni, lokacin da ɗan ƙwallon ƙasarmu Marc-Vivien Foé ya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar fili a birnin Liyon na Faransa, ana wasa da Kolombiya. Yana da shekara 28. Har gobe in ka yi wa wani dattijo maganar motsa jiki sai ya ce, "Foé ma da ƙarfinsa ya faɗi, balle ni." Binciken da aka yi wa gawarsa ya nuna ciwon kaurin tsokar zuciya ne, wanda galibi gadonsa ake yi, kuma gudun ƙwallo na ƙwararru yake yi, ba tafiyar dattijo zuwa bakin kasuwa ba. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, mu kuwa ƙasa guda aka sara a talabijin rana ɗaya.

Yayana, mai shagon atamfa a babbar kasuwa, ya fi ni ciki ya fi ni tansiyon. Ya sayo na'urar awon jini daga Saudiyya, yana ji da ita. Wata rana ya yi niyya, ya zagaya tsakar gidansa da sauri har ya yi gumi, ya zauna nan take ya ɗaura na'ura, ya ga 17. Ya kira ni a waya murya na rawa. "Ka gani ko? Abin da kuke cewa magani, shi ke tayar da shi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi." Tun daga ranar ya rufe babin. Ba wanda ya taɓa gaya masa cewa jinin kowa yana hawa yayin da yake aiki, har na yaro ɗan ashirin, domin tsoka na neman jini zuciya kuma tana turawa. Bayan an huta yakan sauka, sau da yawa ma ƙasa da inda yake da, ya jima a haka sa'o'i. Shi ya sa ƙa'idar awo ita ce a bar rabin awa bayan motsa jiki, a zauna shiru minti biyar, sannan a ɗaura. Yaya ya auna daidai, fassarar ce ta kashe masa gwiwa.

Ni abin da ya cece ni daga irin wannan, 'yar ƙanwata ce da ke aikin nas. Na gaya mata ko matakalar ofis na hau sai in ji zuciyata a maƙogwaro. Ba ta ce mini ba komai ba ne, wanda da ta faɗa da ban yarda ba. Ta zaunar da ni ta raba mini abin gida biyu. "Kawu, haki da gumi da bugun zuciya mai sauri amma a jere, da ɗan tsamin cinya washegari, wannan aiki ne jiki yake yi. In kana tafiya kana iya hira amma ba ka iya rera waƙa, kana daidai. In maganar ma ta gagara, rage sauri. Amma in ka ji nauyi ko matsi a ƙirji, musamman ya gangara hannu ko ya hau haɓa, ko jiri da duhun gani, ko numfashi ya ƙi dawowa bayan ka tsaya, ko zuciya tana tsalle tana tsallake bugu, to ka tsaya nan, asibiti za a kai ka, ba gida ba." Ta ƙara da cewa ranar da na auna a zaune na ga 18/11, ba ranar fita ba ce, ranar ganin likita ce. Ta kuma sa aka yi mini gwajin zuciya na na'ura kafin in fara. Wannan hira ba ta fi ta shan shayi ɗaya ba, amma ita ce ta raba ni da zaton cewa kowane haki sallama ce da duniya.

Daga baya na ci karo da aikin Albert Bandura, masanin halayyar ɗan Adam haifaffen Kanada da ya koyar a jami'ar Stanford, ya rasu a 2021. Na yi dariya da na ga da me ya yi bincikensa: masu tsoron maciji. Mutanen da ko hotonsa ba sa iya kallo. Ba wa'azi ya yi musu ba. Sai a sa mutum ya hango macijin ta bayan gilashi, ya ga wani yana riƙe da shi, ya matso, ya taɓa da safar hannu, ya taɓa da hannu tsirara, har wasu suka bar shi yana yawo a cinyarsu. Maciji ne marar dafi, kada wani ya je ya gwada da kububuwa. A rubutunsa na 1977 ya ce abin da ke nuna ko mutum zai yi abu, kuma ko zai dage in ya yi wuya, shi ne yadda shi kansa ya yarda zai iya. Wannan yarda kuma ta hanya huɗu take shigowa: abin da ka taɓa yi da kanka ya yiwu, ganin wani irinka ya yi, maganar mutane, da yadda kake fassara abin da jikinka ke gaya maka. Ta farkon ce mafi ƙarfi. Maganar baki kuwa ba ta da ƙarko. Amma dubi abin da muke yi wa mai tumbi a gidajenmu: magana ce kawai, safe da yamma, daga mata, daga 'ya'ya, daga rediyo, wani lokaci da gori a ciki. Mun rungumi mai rauni mun bar mai ƙarfi.

Ni da masallaci na fara. Akwai na ƙofar gidanmu, wanda in liman ya yi tari muna ji daga ɗaki, akwai kuma wani can bayan makarantar firamare, tafiyar kamar minti goma. Na koma yin asuba a can. Hikimar ita ce ba mai tare mutum da carbi a hannu da duku-duku ya tambaye shi ina za shi. Kuma ina da hujja in an tambaya: lokacin da Banu Salima suka so su taso su dawo kusa da masallacin Madina, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya yi su zauna a gidajensu, ana rubuta musu takunsu. Yana cikin Muslim. Da farko nakan isa ina haki, in tsaya wajen randar alwala kamar mai gyara hula, alhali numfashi nake jira. Ba na tuna ranar da na daina tsayawar. Sai dai na lura wata safiya ina cikin sahu ban jingina da komai ba. Daga nan na fara dawowa ta doguwar hanya, sannan ta wadda ta fi ta tsawo, har ƙafa ta kai ni gadar Binuwai.

Takalmi ya ba ni wuya kafin in gane. Fatar da muke sawa da babbar riga ba ta tafiya ba ce, rairayin lungu na shiga, diddige na tsagewa. Na sayi kambas na gwanjo, fari mai ratsin shuɗi, ya ɗan fi ƙafata kaɗan, na haɗa da safa da farar jallabiya. Yaran gida sun sha dariya. Farar kuma da gangan ce, domin da asuba akwai masu moto da ba su da fitila, shi ya sa nake bin gefen da zan fuskanci abin hawa. A wannan lokaci garin wani iri ne. Masu burodi na ɗaure kwanduna a bayan mashin, mai ƙosai ta hura wuta man bai yi zafi ba tukuna, almajirai na ƙudundune a bakin shaguna, daga kan gada kuma ka hango masunta suna tura kwalekwale, in da rabo ka ga kan dorina ya ɓullo ya nutse. Shekaru ina tsallake gadar nan a mota ban san tana rawa ba in tirela ta hau, sai da na tsaya a kanta da ƙafata.

A nan na haɗu da dattijon da ya fi kowa yi mini amfani, shi bai ma sani ba. Tsohon ma'aikacin gidan waya ne, ya girme ni nesa, cikinsa ya yi nawa ɗaya da rabi, yana tafe da 'yar rediyo a kunne, takunsa ɗaya bayan ɗaya ba gaggawa. Muka gaisa da Fulatanci kamar yadda aka saba a garin nan, da ya ji harshena ya juya Hausa. "Alhaji, rage sauri, ba kora ake yi ba. Mai sauri ba ya dawowa gobe." Samarin da ke gudu a kewayen filin Rumde Ajiya da rigunan ƙungiyar ƙwallo ta Coton Sport, ganinsu bai taɓa ƙara mini komai ba, sai ma ya tuna mini da abin da na rasa. Amma wannan bawan Allah, da na gan shi sai raina ya ce, in dai wannan na iyawa, ni me zai hana? Gani ya kori ji, amma sai ganin irinka.

Abokan aiki sun so su ja ni do-zero, ƙwallon tsofaffi na safiyar Lahadi. Na je kallo, ban shiga ba, kuma ba na ba irina shawarar ya fara da shi. Mutum ya kwana shida a kujera, ran na bakwai ya tuna shi ɗan gaba ne a 1995, ya kwasa da gudu a rana. In akwai haɗari a motsa jiki, to a nan yake, aiki mai tsanani farat ɗaya ga jikin da bai saba ba. Ko ba a kai ga zuciya ba, tsokar cinya ɗaya ta tsinke, shi ke nan an samu hujjar zama ta shekara guda. Ban da tsire da lemon kwalba da ake rufe taron da su. Zumunci ne mai kyau, wannan kam ban musa ba.

Uwargida ita ta tura ni asibiti, ita ce kuma ta fi kowa tsorata da na fara fita. In na ɗan jima sai kira. "Malam, kana ina? Ka zauna ka huta mana, kai da aka ce kana da hawan jini." Ƙauna ce, amma irin wadda ke mayar da mutum majinyaci. Akwai wani bincike da Bandura da wasu likitocin zuciya suka wallafa a 1985 kan mazan da suka tashi daga bugun zuciya. An sa mazan tafiya a kan injin gwaji. Wasu matan ba su shiga ɗakin ba, wasu sun zauna sun kalla, wasu kuma bayan kallo aka ce su hau injin su ɗanɗana nauyin aikin da mazansu suka yi. Waɗanda suka hau ɗin su ne suka fito da yardar cewa zuciyar mazansu za ta iya ɗauka. Ni ba ni da inji, sai na ce ta raka ni wani dare bayan isha'i. Ba mu yi rabin hanya ba ta riƙe mini hannun riga. "Ashe haka kake sauri? Tsaya in numfasa." Daga ranar kiran ya ragu. Da 'yar ƙanwata ta zagaya mata tef ita ma, aka ga 97.

Na mata ya fi namu wuya, wannan gaskiya ce. Ni abin da zan sha shi ne a ce na talauce. Matar aure mai shekara arba'in da wani abu ta fito titi da sassafe tana sauri ba buta ba kwano, abin da za a faɗa ya wuce nan. Ga shi kuma har yau in mace ta yi ƙiba cewa ake mijinta ya iya kiwo, in ta faɗa a fara tambayar ko lafiya, ko an yi mata kishiya ne. Iyayenmu mata daka da surfe da jan guga sun ishe su, ban kuma ce a koma can ba, wahala ce, injin niƙa rahama ne. Sai dai abin da inji ya ɗauke ba a mayar da komai a gurbinsa ba. Uwargida dai dabarar da ta samu, ita da maƙwabtanta biyu sun daina hawa moto zuwa islamiyya, suna tafiya tare, mata uku da hijabi da jakar littattafai ba mai ce musu uffan. Ranar da ba makaranta, ta zagaya tsakar gida bayan magariba, ta yi tashi-zauna a kan kujera ba tare da dafa gwiwa ba, ta ɗaga galan ɗin ruwa. Wata tsohuwa ta yi mata tsiya, ta ce abin yara ne. Ta ba ta labarin da ke cikin Abu Dawuda, cewa Annabi ya yi tsere da Nana A'isha ta wuce shi, bayan shekaru da ta yi jiki suka sake ya wuce ta, ya ce wannan a madadin waccan. Tsohuwa ta ce ita ba ta taɓa jin wannan a wajen wa'azi ba.

Abin da tafiyar ke yi a ciki, da harshen aikina na fi gane shi. Suga a jini kaya ne a kan mota, tsoka ita ce sito, insulin ne mai makulli. A jikin irinmu makullin ya yi tsatsa, motoci sun yi layi a waje. To tsokar da ke aiki tana buɗe wata ƙofa ta gefe da ba ta jiran makulli, kuma bayan an gama, babbar ƙofar ma takan yi sauƙin buɗewa kwana ɗaya zuwa biyu. Shi ya sa ake cewa kada a jera fiye da kwana biyu ba a motsa ba, shi ya sa kuma 'yar tafiya bayan tuwon dare ta fi kwanciya a tabarma. A Amurka an yi gwaji da mutum sama da 3,000 masu suga a bakin iyaka kamar nawa, aka fitar da sakamako a 2002. Waɗanda aka sa wa burin tafiyar minti 150 a mako da rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, kamuwa da ciwon suga ta ragu a cikinsu da kashi 58 cikin ɗari. Masu shan ƙwayar metformin kashi 31. A Finlan ma an sami 58 ɗin a 2001. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idarta ta 2020 ta ce minti 150 zuwa 300 a mako, da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu, ta kuma cire tsohon sharaɗin cewa sai an jera minti goma kafin a ƙirga. Wannan na ƙarshe ya fi yi mini daɗi, don yana nufin zuwa garejin direbobi da ƙafa maimakon aiken yaro shi ma yana shiga lissafi. Amma da a ranar farko aka ce mini 150, da ban fito ba. Minti goma zuwa masallaci shi ne abin da raina ya yarda da shi.

Sikeli kuwa a yi hankali da shi. Muna da na awon buhuna a ofis, nakan hau in ba kowa. Watanni allurar ba ta wani motsa ba, kuma na san mutanen da a nan suka ajiye. Tef ne ya faɗi gaskiya: daga 108 ya dawo 103, bel ya koma huda ta baya. Kitsen da ke cikin ciki, wanda ya dabaibaye hanta da hanji, shi ne mai ɓarnar, kuma yana iya raguwa nauyi bai sauka sosai ba. A awo na baya-bayan nan suga 1.04, tansiyon 13/8 tare da ƙwaya. Ban fita daga sahun ba, kuma ban ajiye magani ba, wannan hukuncin likita ne ba na majalisa ba. Masu shan ƙwayar ciwon suga ta gilibenkilamid ko allurar insulin su kam sai sun yi magana da likitansu tukuna, su riƙe dabino ko ƙwayar suga a aljihu saboda sugansu na iya faɗuwa a hanya, mai ciwon suga kuma ya duba tafin ƙafarsa kullum in ya cire takalmi.

Garin nan ma ba ya barin mutum ya shirya wa kansa tsari ɗaya. A Maris da Afrilu zafi na haura digiri 40, da hantsi ya ɗaga an gama, sai asuba ko dare, da gorar ruwa a hannu. Hunturu daɗin tafiya gare shi in ban da ƙura, nakan naɗe hanci da rawani. Da azumi nakan bari sai bayan tarawihi. Damina ga taɓo ga zazzaɓin cizon sauro, wanda ya kwantar da ni bara har na ji kamar ban taɓa fita ba. Da na tashi ban nufi gada ba, masallacin bayan makaranta na koma, kuma wannan karon ban yi shakkar isa ba, tun da ƙafar ta san hanya.

Yaya ne har yanzu muke fama. Ran nan a shagonsa na ce masa, "Yaya, kai da ka yi ɗawafi, ka yi sa'ayi tsakanin Safa da Marwa sau bakwai, kusan kilomita 3, ka taka zuwa jifa ka dawo cikin zafin Makka, kai ne za ka ce ba ka iya zuwa babban masallaci daga nan?" Ya gyara zama a kan bandir ɗin shadda ya ce, "Wancan ai ibada ce, Allah ne ke ɗaukar bawansa." Na ce to Juma'a fa, ba ibada ba ce? Ya yi shiru yana jan carbi. Can ya kawo sharuɗɗa: sai 'yar ƙanwarmu ta zo ta duba shi tukuna, kuma shi ba zai sa kambas ba ko za a yi me. Na ce na yarda, nawa sharaɗin ɗaya ne, na'urar Saudiyya ta zauna a durowa sai an yi rabin awa da dawowa. Ya ce to, a bari sai bayan Salla. Bai dai ce wace Sallar ba.